Jinin da aka zubar a Balin da cinikin da aka ƙulla a Ankara

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya faru nesa da mu, wanda kuma nake ganin mu mutanen arewacin Kamaru da maƙwabtanmu na Chadi muna da dalilin fahimtarsa fiye da mutane da yawa. Ina nufin musayar fursunonin da aka yi a Ankara, babban birnin Turkiyya, ranar 1 ga Agusta 2024, da kuma mutumin da aka gina cinikin gaba ɗaya a kansa, wato Vadim Krasikov, ɗan Rasha da aka ɗaure a Jamus kan kisan kai. Kafofin labarai sun yi ta maimaita cewa ita ce musaya mafi girma tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma tun bayan yaƙin cacar baka, kuma haka ne. Sai dai yawan ambaton girmanta ya rufe wata tambaya da ta fi girman muhimmanci, wato daga aljihun wa aka ciro kuɗin da aka biya.

Bari in fara da mamacin, tun da shi ne aka fi saurin mantawa. Sunansa Zelimkhan Khangoshvili, ɗan ƙasar Jojiya ne, Musulmi daga kwarin Pankisi, mai jinin Checheniya. Ya yi yaƙi da sojojin Rasha a yaƙin Checheniya na biyu, saboda haka hukumomin Mosko suna kiransa ɗan ta'adda, mutanensa kuwa suna kiransa ɗan gwagwarmaya. A 2015 an harbe shi a birnin Tbilisi ya tsira da raunuka, ya gudu zuwa Yukiren, daga can ya isa Jamus ya nemi mafaka, ba a amince da buƙatarsa ba, amma ya ci gaba da zama a can da iyalinsa. Ranar Juma'a 23 ga Agusta 2019, da tsakar rana, yana ratsa wani ƙaramin lambun shaƙatawa mai suna Kleiner Tiergarten a birnin Balin a kan hanyarsa ta zuwa masallaci, sai wani mutum a kan keke ya biyo shi ta baya ya harbe shi da ƙaramar bindiga ƙirar Glock wadda aka ɗaura wa abin kashe ƙara. Da ya faɗi, maharbin ya matso ya ƙara masa a kai, mutane suna kallo. Daga nan ya nufi bakin kogin Spree ya jefa keken da bindigar da gashin kanti da ya ɓad da kama da shi, ya sauya tufafi. Wasu samari biyu ne suka hango shi suka kira 'yan sanda, aka kama shi kafin ya bar unguwar. Mamacin yana da shekara 40.

Fasfon da aka samu a hannun maharbin yana ɗauke da sunan Vadim Sokolov. Hukuma ce ta buga fasfon, babu alamar jabu a jikinsa, sai dai mutumin da sunan yake nufi bai taɓa wanzuwa ba. Da shi ya samu biza, ya tashi daga Mosko zuwa Paris, ya wuce Warso, sannan ya shiga Balin. Masu binciken Bellingcat da The Insider da mujallar Der Spiegel ne suka bi diddigi har suka gano cewa ainihin sunansa Vadim Krasikov, an haife shi a 1965 a Kazakistan lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Sun kuma gano cewa 'yan sandan Rasha da kansu sun taɓa nemansa ruwa a jallo bisa zargin kashe wani ɗan kasuwa a Mosko a 2013, wanda shi ma a kan keke aka bi shi aka harbe, har an baza sammacin kama shi ta hannun 'yan sandan ƙasa da ƙasa, sai a 2015 aka janye sammacin ba tare da wani bayani ba, aka kuma share sunansa daga rumbunan bayanan hukuma. Wannan ita ce rayuwar irin waɗannan mutane, gwargwadon abin da ake iya gani daga waje. Hukuma tana ɗaukar mutumin da ta horar a kan kisa, tana riƙe da laifinsa a aljihu, tana goge shi daga takarda, tana ba shi sabon suna da sabuwar ranar haihuwa, sannan ta aike shi. Idan ya dawo lafiya babu wanda zai ji labarinsa, idan kuma aka kama shi sai a ce ba a san shi ba.

Haka kuwa aka yi. Gwamnatin Rasha ta ce ba ruwanta, shi kuma Krasikov ya tsaya a gaban kotu tun daga Oktoba 2020 yana cewa shi Sokolov ne, injiniyan gine-gine da ya zo yawon buɗe ido. Bai ambaci wanda ya aiko shi ba, bai nemi sassauci ta hanyar tona asiri ba, duk da cewa an kawo hotunansa na da masu nuna zanen da ke jikinsa, an kuma kawo wani surukinsa daga Yukiren wanda ya shaida shi. Ranar 15 ga Disamba 2021 babbar kotun Balin ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ta kuma ƙara da cewa laifin yana da muni na musamman, abin da a dokar Jamus yake toshe ƙofar sakin mutum bayan shekara 15 kamar yadda aka saba. Alƙalin, Olaf Arnoldi, ya bayyana cewa hukumomin gwamnatin Rasha ne suka ba da umarnin kisan, ya kuma kira abin da ta'addancin gwamnati. Jamus ta kori jami'an jakadancin Rasha biyu a 2019, ta sake korar wasu biyu bayan hukuncin, Rasha ta rama da irin haka duka sau biyun.

Me ya sa mutum zai yi gum da bakinsa alhali yana fuskantar ƙarewar rayuwarsa a kurkukun wata ƙasa? Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa ya taɓa gaya wa wani gandiroba cewa Rasha ba za ta bar shi ya ruɓe a gidan yari ba. Wannan magana ita ce zuciyar al'amarin, domin ta nuna cewa alkawarin dawo da shi gida yana cikin kayan aikin da aka ba shi tun ranar da aka aike shi, daidai da fasfon da bindigar. Ƙasar da take so ta samu masu yi mata kisa a ƙetare dole ne ta nuna wa na gaba cewa na baya bai wulaƙanta ba.

To, da me za a fanso shi? Jamus ba ta da wani ɗan leƙen asirinta a hannun Rasha da ya kai a yi musaya da mai ɗaurin rai da rai. Saboda haka sai aka shiga tara mutane. Paul Whelan, tsohon sojan Amurka, yana tsare tun Disamba 2018, an yanke masa shekara 16. A Maris 2023 aka kama Evan Gershkovich, wakilin Wall Street Journal, a birnin Yekaterinburg bisa zargin leƙen asiri, zargin da shi da jaridarsa da gwamnatin Amurka suka ƙaryata. Aka tsare 'yar jarida Alsu Kurmasheva wadda ta je duba mahaifiyarta. A Belarus, ƙawar Rasha, aka yanke wa wani Bajamushe mai suna Rico Krieger hukuncin kisa, aka nuna shi a talabijin yana kuka yana roƙon gwamnatinsa ta cece shi. A cikin gida kuma ga 'yan adawa irin su Vladimir Kara-Murza mai ɗaurin shekara 25, da Ilya Yashin mai shekara takwas da rabi, da Oleg Orlov na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial, waɗanda babban laifinsu shi ne sukar yaƙin Yukiren. A Fabrairu 2024, a hirarsa da ɗan jaridar Amurka Tucker Carlson, Shugaba Putin ya faɗi farashin kusan a fili, inda ya yi maganar wani mutum da ke ɗaure a ƙasar da ke ƙawance da Amurka, wanda a cewarsa ya kawar da ɗan ta'adda a wani babban birnin Turai saboda kishin ƙasa. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya gane. Bayan 'yan kwanaki, ranar 16 ga watan, jagoran 'yan adawar Rasha Alexei Navalny ya mutu a kurkuku a yankin arewa mai ƙanƙara, kuma na kusa da shi sun ce ana gab da saka shi cikin wannan musayar ne.

A watan Yuli sai shari'o'in suka ɗauki gudu. Gershkovich ya samu shekara 16 a zaman sirri da aka kammala cikin kwanaki kaɗan, Kurmasheva ta samu shida da rabi a rana guda da shi, shugaban Belarus Lukashenko ya yi wa Krieger afuwa. Duk mai lura ya san ana shirya kaya ne. Ranar 1 ga Agusta jirage suka haɗu a Ankara ƙarƙashin kulawar hukumar leƙen asirin Turkiyya. Rasha da Belarus suka saki mutum 16, aka mayar wa Rasha mutum 8 daga gidajen yarin Amurka da Jamus da Folan da Sulobeniya da Nowe, tare da yara biyu na wasu ma'aurata 'yan leƙen asiri da suka daɗe suna zaune a Sulobeniya a matsayin 'yan Ajantina. An ce yaran ba su san su Rashawa ba ne sai a cikin jirgi, har Putin ya gaishe su da Sifaniyanci. A filin jirgin Vnukovo na Mosko aka shimfiɗa jar darduma, sojoji suka yi faretin girmamawa, Krasikov ne ya fara saukowa, shugaban ƙasa ya rungume shi a gaban kyamara. Washegari mai magana da yawun fadar Kremlin, Dmitry Peskov, ya tabbatar da cewa Krasikov ma'aikacin hukumar tsaro ta FSB ne, kuma ya yi aiki a rundunarta ta musamman mai suna Alfa tare da wasu daga cikin masu tsaron lafiyar shugaban. Abin da aka shekara biyar ana musu, aka furta shi da baki ɗaya bayan buƙata ta biya. Bai cika shekara biyar a tsare ba.

Wannan runguma saƙo ce, kuma ba a fara aika irinsa a 2024 ba. A Fabrairu 2004 aka dasa bam a motar Zelimkhan Yandarbiyev, tsohon shugaban 'yan awaren Checheniya, a birnin Doha na Katar, ya tashi da shi bayan ya fito daga sallar Juma'a, ɗansa ƙarami ya ji munanan raunuka. Kotun Katar ta yanke wa jami'an Rasha biyu ɗaurin rai da rai, kafin shekarar ta ƙare an miƙa su ga Mosko da sunan za su ƙarasa wa'adinsu a gida, daga baya hukumar gidajen yarin Rasha ta ce ba su hannunta. Kada kuma a ɗauka Rasha kaɗai ce. Ramil Safarov, hafsan sojan Azarbaijan, ya sare wani hafsan Armeniya da gatari yana barci a Budafes a 2004, lokacin da suke halartar wani kwas tare. Hangari ta miƙa shi ga ƙasarsa a 2012, aka yi masa afuwa yana sauka, aka ƙara masa girma. Ali Vakili Rad, wanda aka ɗaure a Faransa kan kisan tsohon firaministan Iran Shapour Bakhtiar, an sallame shi a Mayu 2010, kwana biyu kacal bayan Iran ta bar wata matashiyar malama Bafaranshiya ta koma gida, kodayake ƙasashen biyu sun ce babu alaƙa. A 2023 Beljiyam ta mayar wa Iran jami'in jakadancinta Assadollah Assadi, wanda aka ɗaure kan shirya harin bam, domin ta karɓo wani ma'aikacin agaji.

Akwai masu haɗa waɗannan da musayar da aka yi a gadar Glienicke a Fabrairu 1962, lokacin da aka ba da ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel aka karɓi matuƙin jirgin leƙen asirin Amurka Gary Powers, ko ta Biyana a 2010 da aka yi musayar mutum goma da huɗu. Ban yarda da wannan haɗi ba. A can ɗan leƙen asiri aka ba da aka karɓi ɗan leƙen asiri, kowannensu ya san irin aikin da ya shiga. Haka fursunan yaƙi, wanda yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ce a sake shi idan faɗa ya ƙare, domin ba laifi ne ya sa aka tsare shi ba, an hana shi komawa fagen daga ne kawai. Mu ma a addininmu mun san fansar fursunonin Badar, har waɗanda ba su da dukiya suka fanshi kansu da koyar da 'ya'yan Madina rubutu. Amma wanda ya bi mutum ta baya a cikin gari mai zaman lafiya ya harbe shi yana hanyar masallaci, wannan mai kisan gilla ne, kuma wanda aka sa a ɗaya gefen ma'aunin ɗan jarida ne da mai zanen hoto da dattijon da ke kare haƙƙin jama'a. Kiran wannan da musayar fursunoni yana daidaita abubuwan da ba daidai suke ba. Sunan da ya fi dacewa da shi shi ne wanda muke amfani da shi a nan idan 'yan fashin daji da muke kira zargina suka ɗauke makiyayi a Mayo Rey ko a Mayo Kebbi suka aiko da farashi, sai dai a wannan karon mai garkuwar yana da kotu da alƙali da tambarin hukuma.

Ga kuma maganar haƙƙin jini. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Isra'i, ya ce wanda aka kashe bisa zalunci an sanya wa waliyyinsa iko. A shari'armu yafe jini haƙƙin magada ne, su ne za su zaɓi ƙisasi ko diyya ko afuwa, kuma ko a Chadi inda ake sasanta kisa da diyya tsakanin ƙabilu, duk da kurakuran da ke cikin yadda ake yi, ba a ƙulla magana sai dangin mamaci suna zaune. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun tsananta a kan kisan gilla har suka ce ko waliyyai ba su da ikon yafe shi, domin cin amana ne ga zaman lafiyar al'umma baki ɗaya. Na san Jamus ba da wannan shari'a take aiki ba, tana da sashen doka da ya ba hukuma damar dakatar da zaman wa'adin baƙo idan za a kore shi daga ƙasa, kuma da shi ministan shari'a Marco Buschmann ya umarci babban mai gabatar da ƙara, wanda ofishinsa bai so hakan ba. Amma ma'anar da ke ƙarƙashin hukuncin namu ta kowa ce. Iyalin Khangoshvili, waɗanda suka zauna a kotu fiye da shekara guda suna sauraron yadda aka kashe musu mutum, sun fito sun ce labarin ya karya musu zuciya. Amurka ta karɓi 'yan ƙasarta, Jamus ta karɓi nata da wasu 'yan adawar Rasha, Turkiyya ta samu yabo, Rasha ta samu mutuminta. Su kuwa marayun da haƙƙinsu ne aka kashe wajen sayen wannan duka, babu kujerarsu a teburin.

Duk da haka, Malam Edita, ba zan yi wa Olaf Scholz, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, rashin adalci ba, domin mu a wannan yanki mun san yadda zaman jiran wanda aka sace yake. A Fabrairu 2013 aka ɗauke Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun dajin Waza, sai a Afrilu aka sako su. Kamfanin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an biya sama da dala miliyan 3 an kuma saki wasu 'yan Boko Haram da ke tsare, hukumomi suka musanta biyan kuɗin. A 2014 aka ɗauke ma'aikata 'yan Sin goma a Waza, a Yuli kuma aka afka wa Kolofata aka tafi da matar mataimakin firaminista Amadou Ali da Lamidon garin da wasu, aka sako su gaba ɗaya a Oktoba. A tsallaken iyaka, 'yan matan Chibok 82 da aka sako a Mayu 2017, da kwamandojin Boko Haram aka musanya su. Wane ne a cikinmu zai kalli mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran nan ya ce mata a bar 'yarta a daji saboda kada a ƙarfafa masu garkuwa? Ni dai ba zan iya ba. Kara-Murza, wanda aka sa wa guba har sau biyu a baya, ya ce ya riga ya sallama zai mutu a kurkuku, kuma bayan mutuwar Navalny babu mai cewa tsoron nan na banza ne. Scholz da kansa ya ce shawarar ta yi masa nauyi. Ceton rai goma sha shida abu ne babba, kuma wanda ke zaune lafiya a gidansa ya kamata ya sassauta harshe kafin ya zargi wanda ya yi shi.

Abin da nake ƙi shi ne a yi kamar an samu wannan ceto kyauta. Ilya Yashin, ɗaya daga cikin waɗanda aka ceto, ya ce shi bai nemi a fitar da shi ba, yana kallon abin a matsayin kora daga ƙasarsa, ya kuma yi gargaɗin cewa sakin mai kisa zai ƙara wa masu kama mutane ƙwarin gwiwa. Mu ma mun ga haka da idonmu, domin bayan Dabanga sai Nguetchewe inda aka ɗauke wani limamin coci Bafaranshe, sai Waza, sai Kolofata. Kasuwar ma ba ta tashi ba bayan Ankara, an sake yin wasu musayoyin tsakanin Amurka da Rasha a 2025.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce mu ne muka fi cancantar fahimtar wannan labari. Félix Moumié, shugaban jam'iyyar UPC mai neman 'yancin Kamaru, likita ne da ya yi aiki a nan Marwa kafin gwagwarmayar neman 'yanci ta kai shi gudun hijira. A Oktoba 1960 wani mutum mai suna William Bechtel, wanda ya gabatar da kansa a matsayin ɗan jarida alhali ma'aikacin hukumar leƙen asirin Faransa ne, ya gayyace shi cin abinci a Janeba, aka zuba masa gubar taliyom a abin sha. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1960. Bechtel ya ɓace, sai bayan shekara fiye da goma aka kama shi a Beljiyam aka miƙa shi ga Suwizalan, aka ba da shi beli, a 1980 aka rufe shari'ar ba tare da an hukunta kowa ba. Dakta Outel Bono, likita kuma ɗan adawar Chadi a zamanin Shugaba Tombalbaye, an harbe shi a cikin motarsa a Paris ranar 26 ga Agusta 1973, ana saura kwanaki kaɗan ya ƙaddamar da sabuwar jam'iyyarsa, ita ma shari'arsa an rufe ta a 1982 babu wanda aka ɗaure. Ashe ƙasashen da suke Allah wadai da kisan Balin su ma suna da nasu tarihin, kuma mamatan namu ne. Ban kawo wannan domin in wanke Mosko ba, na kawo shi ne saboda yadda nake jin wasu matasanmu a majalisu da shafukan Facebook suna yaba wa Putin cewa shi namiji ne da ba ya watsar da nasa, kawai don haushin Faransa. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Moumié bai kamata ya tafa wa wanda ya yi irinsa ga Khangoshvili ba, don kawai tutar da ke bayan bindigar ta sauya launi.

Mun kuma ɗanɗani yadda ake fizge mai laifi daga hannun kotun ƙasa mai rauni. A Oktoba 2007 aka kama 'yan ƙungiyar Arche de Zoé a Abeche suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur ne, alhali yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye. A ƙarshen Disamba kotun Injamena ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, ta kuma ce a biya iyayen yaran diyyar sama da sefa biliyan 4. Bayan kwana biyu aka ɗauke su zuwa Faransa, a ƙarshen Maris 2008 Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa, iyayen kuma aka bar su suna jiran diyyarsu. Ba kisa ba ne, amma tsarin ɗaya ne, manya sun sasanta a tsakaninsu, masu haƙƙi sun ji a rediyo.

Idan aka jera waɗannan kusa da juna, sai a ga wani abu guda da Jamus ta yi wanda ya kamata a riƙe. Ta yi shari'a a fili kafin ta yi ciniki. An kira shaidu, an baje hujjoji, an ambaci sunan maharbin na gaskiya, an kuma rubuta a cikin hukunci cewa gwamnati ce ta aiko shi. An saki mutumin, amma hukuncin yana nan ba a soke shi ba, kuma furucin Peskov ya zo ya gaskata alƙalin. 'Ya'yan Khangoshvili sun rasa ganin wanda ya kashe mahaifinsu ya tsufa a kurkuku, amma suna da takardar kotu da ta faɗi wanda ya kashe shi da wanda ya sa a kashe. Iyalan Moumié da na Bono ba su samu ko wannan ba. Waɗanda hukumar 'yan sandan siyasa ta DDS ta azabtar a Chadi a zamanin mulkin Hissène Habré sun shafe shekara fiye da ashirin suna fafutuka kafin kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016, kuma duk da jinkirin biyan diyya, wanda ya saurari matan da suka ba da shaida ya san abin da hukuncin kansa ya yi musu.

Saboda haka ina da roƙo ga hukumominmu, a Yawunde da Injamena. Idan larura ta tilasta a saki wani mai jini a hannu domin a ceto rayuka, to a fara gurfanar da shi a gaban alƙali a bainar jama'a, a sanar da dangin waɗanda ya kashe kafin su ji a bakin duniya, a kuma ɗauki nauyin diyyarsu daga baitulmali, tun da al'umma ce ta amfana da abin da aka karɓe musu. Sakin da ake yi cikin dare, a wayi gari kwamandan da ya ƙona ƙauye ya ɓace daga kurkuku babu mai bayani, yana zubar da mutuncin kotu, yana kuma sa mutanen ƙauyen da suka ba jandarmomi labari su yi nadamar buɗe bakinsu.

Roƙona gare ka kuma, Malam Edita, shi ne idan jaridarku za ta sake kawo labarin irin wannan musaya, a riƙa faɗin laifin da kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka musanya ya aikata da sunan wanda aka yi wa laifin, kada a tsaya ga adadin mutane da jirage. Ina kuma fatan ku ware shafi ku rubuta tarihin Félix Moumié da na Outel Bono da Hausa, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu sun san sunan Navalny amma ba su taɓa jin na waɗannan biyun ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Marwa, Jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru